Tsatsar da Na Kankare a Jidda

Aikin tuƙi aka kawo ni in yi a Jidda, kuma na yi shi, sai dai bai yi tsawon rai ba. Gidan da aka kai ni a Abhur yake, can arewacin gari a bakin teku, unguwar da katangar kowane gida ta fi ta gidan yarin garinmu tsayi. Kafilina, wato Balaraben da takardar zamana take a ƙarƙashin sunansa, ya miƙo mini makullin mota ba tare da ya dubi fuskata ba, ya nuna matarsa ya ce ita zan riƙa tuƙawa.

Ni kuwa tuƙin da na iya na hanyar Ningi zuwa Kano ne: ka danna hon, ka kutsa kai, wanda ya fi jin tsoro shi zai kauce. Madam tana baya tana ta faɗin "shwayya, shwayya," wato a hankali, ni kuma na ɗauka sunan unguwar da za mu ke nan, sai in ƙara wuta don mu isa da wuri. Ranar da abin ya ƙare, asibitin haƙori zan kai ta. Na hau wata gada da ba ita ba, gadar ta miƙa ni ga wata, waccan ma ta miƙa ni ga wata, sai ga mu a hanyar Madina, gidaje sun ƙare, raƙuma sun fara bayyana. Madam tana dafe da kunci tana kuka. Da muka dawo gida kalma ɗaya ta faɗa wa mijinta, ita ce kuma kalmar Larabci ta farko da na gane ba tare da tafinta ba: "Halas," wato ya ƙare.

Kafili bai mayar da ni gida ba, bai kuma riƙe ni ba. Ya ce iƙamata, wato takardar zaman, tana nan da sunansa, in je in nemi abin da zan ci, amma in aka kama ni ina aiki a wani wuri, shi bai san ni ba.

Na tattara jakata na gangara Sa'alaba, kudancin gari, inda aka ce mini akwai Hausawa. Wanda ya karɓe ni Iliyasu ne, mutumin Damagaram, mai wankin motoci, wanda ba ya iya fara magana sai ya ce "bon," irin ta masu jin Faransanci. Ya same ni zaune a dakalin ƙofar masallaci da jaka a kan cinya.

Ya ce, "Bon, baƙo ne kai. Madam ce ta koro ka."

Na ce, "Ya aka yi ka sani?"

Ya ce, "Duk wanda ya zauna a dakalin nan da jaka, madam ce ta koro shi. Ni ma nan na zauna."

Ya ba ni rabin ɗakinsa, a saman wani tsohon gida, da wata na'urar sanyaya ɗaki wadda ƙararta ta fi sanyinta yawa. Zafin Jidda ba irin namu ba ne. Namu gasa mutum yake yi, nasu dafa shi yake yi. Ka yi wanka, kafin ka ɗaura wando ka sake jiƙewa. Da safe wake da gurasa, da rana gurasa da wake. Na kai matsayin da in na rufe ido miyar kuka nake gani. Wata Juma'a Iliyasu ya lura na yi shiru da yawa, ya ja ni ta wasu lunguna har gidan wata dattijuwa mai sayar da tuwo. Na ci lomar farko sai hawaye. Ya ce yaji ne, na ce e, yaji ne.

A unguwar ne kuma na haɗu da wani mai babbar riga da ake ce wa Alhaji Mai-hanya. Ya ce yana da Balaraben da ke neman direba, yanzun nan ma zai kira shi, amma wayarsa ba caji, in ara masa tawa. Ya kara ta a kunne yana ta "na'am, na'am," yana takawa sannu a hankali kamar mai neman inda magana za ta fi fita, har ya sha kwana. Na daɗe a tsaye ina jiran ya gama magana da Balaraben. Da na ba Iliyasu labari sai ya ce, "Bon, ka gode wa Allah. Ni takalmina ya ara zai shiga banɗakin masallaci."

Daga nan na faɗa dako a haraj, babbar kasuwar tsofaffin kaya. Akwai komai a can: firji, kafet, gadon asibiti, keken yara mai ƙafa ɗaya. Ina tura baro, wanda ya yi sayayya in kai masa kayansa mota.

Wata la'asar wani dattijo baƙi, gajere, mai farin tob, doguwar rigar Larabawa, da tabarau mai kaurin gindin kwalba, ya sayi tarkacen wani gida da aka tashi: butocin gahawa, tsohuwar rediyo, takobi biyu, da wata doguwar bindiga. Ya yafito ni. Na loda komai, da na zo kan bindigar sai hannuna ya yi abin da ya saba tun ina yaro. Na juya bakinta sama, na zare siririn ƙarfen da ake ɗura albarushi da shi, na zura shi ciki don in ji ko da wani abu a cikinta, sannan na ɗora ta.

Sai na ji dattijon ya ce da Hausa, "Ya waladi, kai yaro, ɗan wa ne kai?"

Na kusa sakin baron. Na ce, "Baba, kana jin Hausa?"

Ya ce, "Kakana daga Katsina ya tako da ƙafa. A nan aka haife ni, a nan aka haifi ubana. Na tambaye ka, ɗan wa ne kai?"

Na ce sunana Haladu, mahaifina maharbi ne, da bindigar toka ya ciyar da mu. Ya ce duk masu dakon da ya taɓa ɗauka, in sun ga bindiga sai sun auna abokinsu da ita suna dariya. Ya ce in zo shagonsa gobe.

Ammu Usman ake ce masa, wato Baffa Usman. Shagonsa yana ƙarshen Bagdadiyya, inda ake gangarawa tsohon gari. Kayan da yake sayarwa na gargajiya ne, kuma yana karɓar jingina: mutum ya matsu, ya kawo agogon ubansa ko takobin kakansa ya ajiye, in ya samu hali ya dawo ya fanshi abinsa. Bindigogin zamani ba ya ko taɓa su, takardar hukuma da yake da ita ta tsofaffin da suka daina aiki ce, na ado da tarihi. Aikina shara, dafa shayi, sauke abu daga bango in mayar. Amma Ammu mutum ne mai son magana, kuma 'ya'yansa duk sun shiga aikin ofis, ba mai sauraronsa. Sai ya mayar da ni ɗalibi.

Yakan ce, "Shuf, duba nan. Kafin ka ji labarin mai kaya, ji labarin kayan. Mai kaya yana iya ƙarya, ƙarfe ba ya yi."

Ya koya mini in fara da ɗaga bindiga in ji nauyinta, don tsohon ƙarfe yana da nauyin da na yanzu ba shi da shi. In duba notinanta: wanda maƙeri ya yanka da hannu, tsagar kansa ba ta zama daidai a tsakiya, kuma ba za ka sami biyu iri ɗaya ba. In kwance ƙota in leƙa ƙarƙashin bututun, inda maƙeran Turai suke buga hatiminsu, wata ƙaramar alama kamar kambi ko harufa, wadda take faɗa maka ƙasar da aka yi ta. In shinshina itacen. Ya nuna mini abu-fatila, doguwar da ake kunna wa wuta da lagwani, da wadda ake sa wa hula a kan kunama, da mai baki biyu ta harbin tsuntsu. Ya ce tsufa kaɗai ba ya sa tsada. Wadda aka ƙera da yawa, ko ta girmi kakan kowa, kuɗinta kaɗan ne. Wadda aka yi kaɗan, kuma ba a sauya mata komai ba, ita ake nema.

Darasin da ya fi shiga kaina shi ne na jabu. Akwai masu ƙera bindiga jiya, su jiƙa ta da ruwan gishiri da shayi, su binne ta, ta yi tsatsa, su kawo ta a matsayin gadon kakanni. Wata rana wani mutum ya shigo da irin wannan, a naɗe cikin darduma, yana ta rantsuwa kakansa ya kashe damisa da ita. Ammu ya sa na kawo masa shayi. Ya juya bindigar, ya kankara bakin bututun da farce, sai ga zaren da ake ɗaura bututun ruwa da shi.

Ya ce, "Allah ya ji ƙan kakanka. Aikin famfo yake yi?"

Mutumin ya shanye shayinsa, ya naɗe dardumarsa, ya fita bai yi sallama ba. Ni kuwa abin da na riƙe daga wannan rana shi ne tsatsa mayafin maƙaryata ce.

Akwai bindiga ɗaya da ba a rataye ta a bango. A cikin dogon akwati take, ƙarƙashin teburin Ammu. Jingina ce, ta wani tsoho mai suna Atiyya, Balaraben ƙauye daga bayan duwatsun gabas, wanda ya kawo ta lokacin da injin rijiyarsu ya lalace. Ta farauta ce ƙirar Turai, irin wadda aka yi kaɗan, ta biyo jirgin ruwa ta faɗa hannun mutanen ƙauye tun zamanin kakanni. Su kuma suka yi mata zobba na azurfa, suka ɗaure tsagewar ƙotarta da fatar raƙumi. Ammu ya ce duk rayuwarsa bai taɓa ganin irinta ba sai ita. Akwai ma wani attajiri mai tara irin waɗannan kaya da yake zuwa musamman don a buɗe masa akwatin ya kalla, yana addu'ar kada tsohon ya dawo.

A idona kuwa abar tausayi ce. Bututun ya yi ja-ja baƙi-baƙi kamar gindin tukunya, azurfar ta dushe. In kasuwa ta yi sanyi Ammu yakan fito da ita ya ɗora a cinya, ya shafa bututun, ya girgiza kai, ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Shuf launin nan, ya Haladu. Shekara nawa ka ga ta ɗauka kafin ta zama haka?" Ni ma sai in girgiza kai in yi ajiyar zuciya. Na ɗauka takaici muke yi tare.

Ana nan sai lokacin aikin idonsa ya zo, za a cire masa yana. Ya bar mini shago, ya ce in riƙa buɗe rabin ƙofa don iska, kada in saya, kada in sayar, kada in karɓi jingina. Bai ce kada in yi gyara ba.

Zaman banza ya dame ni. Mutumin nan ya ɗauke ni daga tura baro, yana raba abincinsa da ni, ya ba ni tsohuwar wayar ɗansa, ni ban taɓa yi masa komai ba. A gidanmu kuwa bindiga mai tsatsa abin kunya ce. Mahaifina yakan ce in ka ga tsatsa a bindiga, to ragon yana kusa. Sai na ce bari in faranta wa Ammu rai, ya buɗe sabon idonsa a kan abin da ya daɗe yana damunsa an kawar.

Na sayo samfefa mai kaushi da mai laushi, da soson ƙarfe, da lemon tsami. Toka ce ta ba ni wahala, sai wajen mai gasa nama na samo. Na zauna na yi aikin da ban taɓa yi wa bindigar ubana ba. Na kankare, na goge, na shafa man keken ɗinki, na sake gogewa. Fatar raƙumin kaɗai na bari, don ban san yadda zan mayar da ita ba in na kwance. Da na gama, bututun yana ɗaukar ido, azurfar kamar yau aka ƙera. A gefen kunama ma sai ga zanen wata 'yar barewa ya fito, wadda dattin shekaru ya rufe. Na jingine ta a kan tebur daidai inda hasken ƙofa yake sauka.

Ammu ya dawo da baƙin tabarau, ɗansa yana riƙe da hannunsa. Ya zauna, ya ce alhamdulillah, duniya ta dawo sabuwa, har layukan tafin hannunsa yana gani. Ya cire tabarau. Ya dubi tebur.

Ya ce, "Wa ya kawo wannan? Na ce kar ka karɓi jingina."

Na ce, "Ammu, ba sabuwa ba ce. Ta tsoho Atiyya ce."

Bai yi ihu ba. Ya jawo akwatin ya buɗe, ya ga ba komai, ya rufe. Ya sake buɗewa. Sannan ya mayar da baƙin tabaransa ya jingina da bango.

Ya ce, "Da na san abin da zan fara gani ke nan, da na ce wa likita ya bar mini yanata."

A ranar na fahimci cewa tsatsa iri biyu ce. Akwai ta maƙaryata, akwai kuma launin da shekaru suke yi wa ƙarfe a hankali, wanda shi masu saye suke biya, don shi ne shaidar ba a taɓa ta ba. Abin da shekaru suka tara na kankare shi da samfefa a zaman jiran shago. Ammu ya ce darajarta ta zube, attajirin nan ko kallonta ba zai sake yi ba. Amma ba wannan ne ya fi damunsa ba. Amana ce. In tsohon ya ce an sauya masa bindiga, ko an lalata masa, ya kai ƙara, 'yan sanda za su zo. In sun zo za su tambayi wanda ya yi aikin, su nemi iƙamata, su ga sunan wani kafili daban. Ni sai gidan tarhil, inda ake tara waɗanda za a mayar ƙasarsu, shi kuma sunan da ubansa ya bar masa a kasuwa ya tafi.

Na ce zan gudu. Ya ce in na gudu wa zai nuna wa tsohon.

Iliyasu ne ya kawo shawara. Ya ce, "Bon, abin da ya fita ai ana iya mayar da shi. Ba kun san yadda masu jabu suke yi ba?" Na kai wa Ammu maganar ina tsammanin mari. Sai ya ce a hankali, "Shayin ya zama mai kauri."

Haka mutumin da ya yi rayuwarsa yana kama masu jabu ya hau saman shago da buta da gishiri. Muka jiƙa, muka naɗe da tsumma, muka bar ta a iskar teku. Da muka kwance, bindiga ba ta koma yadda take ba. Ta yi ɗige-ɗige ja da fari kamar zabuwa. Ammu ya dube ta, ya dubi hannayensa da suka yi kalar shayi, ya ce astagfirullah ya fi a ƙirga. Ya ce, "Halas. Kuskure ka yi, ni kuma ha'inci na so yi. Goge ta. Gaskiya za mu faɗa." Na sake ɗaukar samfefa, wannan karon yana tsaye a kaina yana rufe ido duk sa'ad da ta yi ƙara.

Tsoho Atiyya ya zo wata safiya a akori-kura, ɗansa yana tuƙi. Dogo ne siriri, gemunsa ja da lalle, sanda a hannu. Aka sha gahawa, aka tambayi lafiyar raƙuma, aka tambayi injin rijiya. Ni ina bayan labule, na riga na sa duk abin da na mallaka a aljihu ko da za a wuce da ni daga nan. Tsohon ya ce ya zo karɓar abarsa. Ammu ya kira ni, ya ce in ɗauko da hannuna. A lokacin Larabcina ya kai in ji ana zagina in gane.

Ammu ya ce, "Ya sheikh, kafin ka taɓa, ka ji. Yaron shagona ya goge ta ba da sanina ba. Ba mugunta ya yi ba, jahilci ne. Kuɗinta ya faɗi ƙwarai. Laifin a wuyana yake, duk abin da ka yanke na ɗauka."

Tsohon ya miƙo hannu. Ya karɓa, ya ɗaga ta ya ji nauyi. Ya lalubi fatar raƙumin da babban yatsa, ya shinshina ta. Ɗansa ya fara ɗaga murya yana cewa wannan ba tasu ba ce, tsohon ya ɗaga masa sanda ya yi shiru. Ya kai bindigar bakin ƙofa wajen haske, yana juyawa, har idonsa ya sauka a gefen kunama. Ya daɗe a tsaye a wurin.

Ya ce, "Barewar nan. Rabona da ita tun ina ƙaramin da ake ɗora ni a gaban sirdi. Ubana yakan kama yatsana ya ɗora a kanta. Na ɗauka mafarkinta na yi. Na sha ba 'ya'yana labari suna cewa tsufa ne."

Ya juyo ya ce, "Wa ya goge?"

Ammu ya nuna ni, da sauri fiye da yadda na so. Tsohon ya tako, ya kama kaina da hannu biyu, ya sumbaci goshina.

Ammu ya ce, "Ya sheikh, ka ji dai abin da na ce? Kuɗinta ya faɗi."

Tsohon ya ce, "Wa ya ce maka ta sayarwa ce?"

Na ɗauka magana ta ƙare, ashe yanzu ta fara. Tsohon ya ce jikansa zai yi aure, kuma a al'adarsu maza suna rawa da bindigogin kakanni, suna harba albarushi a ƙasa suna tsalle. Duk bindigogin danginsu sun yi baƙi. A ara masa ni in je in gyara su. Na ga fuskar Ammu ta sauya. Ashe shekara da shekaru yana bibiyar bindigogin wannan dangi, yana aika musu gaisuwar salla, yana jiran ranar da za su sayar masa da ko guda. Amma mutumin da aka yafe wa yanzun nan ba shi da bakin cewa a'a.

Aka ɗora ni a bayan akori-kura tare da buhunan abincin dabbobi. Ƙauyen yana cikin wani kwari, duwatsu baƙaƙe ta ko'ina. Aka shimfiɗa mini tabarma a inuwa, gida-gida ana kawo bindigogi ana jerawa. Na yi ƙoƙari, Allah ya sani. Na gaya musu abin da Ammu ya koya mini, cewa baƙin nan kuɗi ne, masu saye shi suke so. Suka yi dariya har da riƙe ciki. Wani ya ce mutanen birni ba abin da ba za su saya ba, har datti. Aka miƙo mini samfefa.

Sun karrama ni fiye da ƙarfin cikina. Kowane gida sai na sha nonon raƙumi, in na ce na ƙoshi a ce ban sha na gidan nan ba. Wanda bai saba da shi ba ya san abin da yake yi wa baƙo. Rabin aikin a guje na yi shi, tsakanin tabarma da bayan wani dutse da yaran garin suka sa wa sunana.

Ranar biki Ammu ya zo, don an gayyace shi. Bayan la'asar maza suka fito fili cikin fararen kaya, ana kiɗa, kowa da bindigarsa tana walƙiya a rana. Mutum ya yi juyi, ya juya bakinta ƙasa, ya yi tsalle, wuta ta tashi a ƙarƙashin ƙafarsa. Warin albarushi ya cika wurin. Rabona da wannan warin tun a tsakar gidanmu, mahaifina yana gwada bindiga kafin fita daji. Na tsaya a gefe ina share ƙwalla. Ammu yana kusa da ni, shi ma idonsa ya kawo ruwa, amma nasa dalilin daban. Duk wadda ta wuce sai ya faɗi sunanta da ƙasar da aka yi ta a hankali, kamar mai karanta sunayen mamata.

Ana shirin kawo abinci sai ga wata tsohuwa, yayar Atiyya, ta aiko da wani abu a naɗe cikin bargo. Ta ce ta mijinta ce marigayi, ta manta da ita a bayan akwati, a ba baƙon nan ya goge kafin ya tafi. Aka kwance. Abu-fatila ce, doguwa ta fi ni tsayi, baƙa wuluk, ba wanda ya taɓa ta tun kafin a haife ni. Na ji numfashin Ammu ya tsaya.

Ya ce, "Ku ba ni in gani tukuna."

Aka ba shi. Ya zauna ya ɗora ta a cinya, ya rungume. Aka kawo shinkafa da naman rago, ya ci da hannu ɗaya. Aka kawo ruwan wanke hannu, ya miƙa hannu ɗaya. Duk sa'ad da na matso sai ya ce, "Ban gama gani ba." Aka kira magariba, ya yi salla da ita a kwance a gabansa, yana sallamewa ya sake ɗauka. Mutane suka fara raɗa suna murmushi. Aka gaya wa tsohuwar, ta leƙo ta bayan labule ta gani. Ta ce a ƙyale shi, ko mijinta bai taɓa riƙe ta haka ba. Da muka tashi tafiya ta aiko aka karɓa, aka mayar da ita cikin bargonta yadda ta fito.

Muka kamo hanyar gida a mota. Sai da fitilun Jidda suka fara bayyana Ammu ya ce, "Ɗaya na ceto."

Na ce, "E, Ammu."

Ya ce, "Gobe ka sa kaya masu kyau. Za mu Abhur wajen kafilinka, in mayar da iƙamarka sunana."

Na fara godiya, ina haɗa Hausa da Larabci. Ya ɗaga mini hannu.

Ya ce, "Kar ka gode, ya waladi. Ba don kai na yi ba. Mutum irinka ba a barinsa yana yawo a gari da samfefa."